Shekarar da Na Zauna Karɓar Gaisuwar Mutuwata

Tun ranar da jikana Abba ya dawo hutu daga jami'a da littafin nan na tarihin matuƙan jirgin yaƙi na farko, gidan nan bai ƙara zama lafiya ba. Ya buɗe mini wani shafi mai hoton saurayi da hular soja a karkace, ya karanta yana juya mini da Hausa. Wai Lawal Hamza ɗan wani babban malami ne na Tafashiya a ƙasar Kankia, wai mahaifinsa mutum ne mai hangen nesa da ya kai shi boko da hannunsa a lokacin da jama'a ke ɓoye 'ya'yansu. Na ce ya maimaita mini wurin hangen nesan, ya maimaita. Ban san lokacin da na yi dariyar da ta ƙare da tari ba. Daga nan ku 'ya'yana kuka ɗauki littafin kuna yawo da shi gidajen surukai, kuna cewa ga baffanmu. To, ku zauna ku saurara. Mutumin da ke cikin hoton nan ba baffanku ba ne, ko ɗigon jini ba ku haɗa da shi ba. Sunan da ke ƙarƙashin hoton kuwa nawa ne, ni ne Lawal ɗan Malam Hamza, ga ni zaune da sauran haƙorana huɗu.

Ina da kamar shekara bakwai aka aiko daga gidan hakimi cewa makarantar elementare ta Kankia na son yara, kuma a wannan karon ba a yarda a tattaro 'ya'yan talakawa kawai ba, sai manyan gari sun ba da nasu. Sunana na cikin takardar. Mahaifina, Malam Hamza, ya ce shi ɗansa ba zai zauna gaban allon Nasara ba ko za a ɗaure shi. Ƙanensa Baffa Iro, wanda bai taɓa rasa dabara ba in dai ta karkace ce, ya ce abin ai mai sauƙi ne. A bayan gidanmu akwai wata mata mai suna Dije, 'yar Mawashi ce ta wajen Kusada, mijinta ya rasu ya bar ta da yaro ɗaya, Sale, sa'ana. Surfe da daka take yi wa gidanmu, ana ba ta abin da za su ci. Da safe aka yi wa Sale aski, aka zura masa rigata ta Sallah, Baffa ya durƙusa gabansa yana koya masa cewa in an kira Lawal ya ce na'am. Ni kuma aka ɗaga ni aka jefa cikin rumbu, na wuni kan damman gero, ƙaiƙayi na cin wuyana. Ba wanda ya nemi shawarar Dije, gaya mata kawai aka yi. Na ji ta daga cikin rumbun tana tambayar ko za a bar shi ya sha koko kafin su tafi.

Ina ƙaunar mahaifina, kuma duk harafin da na sani a bakinsa na ɗauka. Amma na kai shekara tamanin ban gane wannan hukunci nasa ba. Ya yi imani boko hanyar wuta ce, ya tsare nasa ɗan, sannan ya kama hannun maraya ya ɗora shi a kan hanyar. Wannan shi ne hangen nesan da aka buga a littafi.

Ashe Sale kan karatu gare shi. Ya gama Kankia, aka wuce da shi Katsina, kuma a kowane mataki sunana ke gaba yana biye. Ni a gida ba a ma cika kirana Lawal ba, Malam Ƙarami ake ce mini, don ni ke taya mahaifina biya wa ɗalibai, kowa kuma ya san ni zan gaji makarantar. Dije ta koma Mawashi wurin 'yan'uwanta. Bayan an sami mulkin kai, gwamnati ta ce tana son samarin da za su koyi tuƙin jirgin yaƙi, Sale ya ba da suna, aka ɗauke shi, aka kai su Turai. Ya dawo da kaki mai guga da wata irin tafiya ta mutumin da ya san ana kallonsa. A nan ne gidanmu ya tuna cewa yana da ɗa. Baffa Iro, wanda a da ko gaisuwar Sale ba ya amsawa da baki sai da ka, ya koma ba ya buɗe baki a kasuwa sai ya ce ɗanmu na sama.

Akwai lokacin da Sale ya aiko cewa ranar kasuwa da hantsi a duba sama. Baffa ya tara mutane a ƙofar gida, ya sa aka share fili kamar jirgin a nan zai sauka. Jirgin ya zo da ƙarar da ta sa jakai suka tsinke igiya, ya wuce ta kanmu fuu ko waiwaye babu. Daga baya muka ji cewa a kan Mawashi ya yi kewaye har sau uku, ƙasa-ƙasa, har mata na ganin kan mutum a ciki. Baffa ya ce ai yaron ɓatan hanya ya yi, daga sama duk ƙauyuka iri ɗaya ne.

Zuwansa na ƙarshe ana tsakiyar yaƙin basasa ne, an ba shi hutun 'yan kwanaki. Ya same ni a gona ina yankan dawa, muka zauna gindin wata ɗorawa. Mai suna yake ce mini, ni ma haka nake ce masa. Na miƙa masa ƙwaryar fura, sai na ga ya zubar da rabin furar kafin ya kai ta baki. Mutumin da ake cewa yana juya jirgi a sama kamar mazari. Na tambaye shi yaƙi, ya ce ba abin hira ba ne. Ya ce in ka saki abin da aka ɗora maka ka juyo, hayaƙi kawai kake gani, amma ka san akwai masu daka a ƙarƙashin hayaƙin. Sai ya sauya magana.

"Mai suna, na gaji da rigarka," in ji shi. "Na tambayi magatakardanmu yadda za a maido mani sunana. Ya ce wanda duk ya shiga soja da sunan wani, kora ce, in ba a yi sa'a ba har da ɗauri, kuma sai an taɓa wanda ya ba da sunan. Ya ce in bari a gama yaƙi."

Na ce, "To ka bari ɗin mana. Sunan ba ya ƙarewa, ni ma ba wani aiki nake yi da shi ba."

Ya yi dariya. "Kai ba ka gane ba. In wani abu ya same ni, ƙofar gidanku za su zo. Tsohuwa sai dai ta ji a bakin 'yan kasuwa."

Haka kuwa aka yi. Damina ta gaba, ana tsakiyar noma na biyu, ɗan aiken hakimi ya iso da wayar tangaraho, ya tsaya a zaure ya sanar da cewa Lawal ɗan Malam Hamza ya rasu, jirginsa ya faɗi a daji yana dawowa cikin hadari, ba a sami gawa ba. Mahaifiyata ta jiyo daga cikin gida ta ƙwalla ƙara ta zube, alhali ita ta ba ni koko da hannunta da safen nan. Sai da na shiga ta shafa fuskata sannan ta dawo hayyacinta. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutane suka yi ta zuwa daga Kankia, daga Sukuntuni, har daga Katsina, suna cewa Allah Ya jiƙan Lawal, ni kuma ina zaune gefen mahaifina ina cewa amin. Mutanen garinmu da suka san gaskiya suna yin gaisuwar idonsu a ƙasa. Ba wanda aka tura Mawashi. Da na ce zan tafi, Baffa ya ce in zauna, baƙi na zuwa.

A bakin masu sayar da gyaɗa Dije ta ji. Ta taso da asuba a ƙafa, ta iso bayan azahar ranar sadakar uku, ƙafafunta duk caɓi. Ku ji abin da gidan malamai ya yi mata. Mahaifiyata aka zaunar a tsakar ɗaki da lulluɓi, matan manya na shiga suna yi mata gaisuwar ɗa. Dije kuwa aka nuna mata turmi a bayan gida, aka ce hannu ya yi kaɗan, ga geron gumbar sadaka. Ita ta daka gumbar sadakar ɗanta, aka raba wa mutane da sunan ɗan wata. Na same ta a wurin, na durƙusa na ce, "Iya, ya haƙuri?" Ta ce haƙuri sai ma'aiki, ta ci gaba da dakanta. Ban taɓa jin kunyar gidanmu irin ta ranar ba.

Da la'asar Baffa ya ja ni bayan zaure, don ya ga fuskata.

"Kai, Ƙarami, ka kama bakinka," ya ce. "Ranar bakwai soja za su zo da kayan yaron, hakimi ma zai aiko wakili. Lokacin yaƙi ne. In suka ji an yi wa hukuma ƙarya shekara ashirin, mi kake tsammani? Tsohon nan za su jefa a mota. Kana son ka ga ubanka da ankwa?"

"Baffa, to ita fa?"

"Ita mi? An hana ta kuka ne? Ta yi kukanta a bayan gida. Wanga al'amari ya fi ƙarfin mai surfe."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ankwar ta shige ni. Kwana huɗu ina juya ta. Na yanke cewa zan yi shiru, kuma da shirun na shiga zaure ranar bakwai.

Da hantsi motar soja ta tsaya. Wani hafsa saurayi ya fito, sojoji biyu na biye da shi da akwatin ƙarfe. Hausarsa ta bariki ce, a kudu ya tashi, ya ce ɗakinsu ɗaya da marigayi tun Turai. Ya gaida mahaifina da ladabi, ya faɗi irin jarumtar abokinsa, wakilin hakimi na gyaɗa kai, Baffa na share ido da bakin rawani. Sannan ya ciro hular marigayin daga cikin wata jaka, ya riƙe da hannu biyu.

"Allah Ya gafarta Malam, akwai amana. Ya ce mini in ta Allah ta kasance, akwatin nan na mahaifiyarsa ne, hular nan kuma in sa ta a hannunta da kaina. Ko za a yi mini iso?"

Baffa ya yi caraf ya ce, "Ai tana cikin kulle, yallaɓai. Kawo nan, za a kai mata."

Ya miƙa hannu. Hannun nan da ya zura wa Sale rigata. Ina ganinsa duk shirun da na ɗaura ya kwance.

Na ce, "Ranka shi daɗe, uwar mamacin ba ta cikin kulle. Tana bayan gida tana wanke tukwane. Bari in kira ta."

Na fita na zo da Dije, hannunta da toka, ta durƙusa a bakin ƙofa ta ja mayafi ta rufe fuska. Hafsan ya dube ta, ya dubi takardar hannunsa, ya dubi mahaifina. Baffa ya yi wani murmushi na tausayi.

"Yallaɓai, yi haƙuri da yaron nan, mutuwar ɗan'uwanshi ta taɓa shi. Wagga baiwar Allah aiki take yi muna, ita ta yi renon marigayi, shi ya sa. In kana shakka, tambaye ta sunan ɗan nata. Uwa ai ba ta rasa sunan ɗanta."

A nan ne na san Baffa Iro ba ƙaramin mugu ba ne. Sale ɗan fari ne. Macen ƙasarmu ta wancan zamani ba ta kama sunan ɗanta na fari, ko a ɗaki ita kaɗai, balle a zaure cike da maza. Tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunan ba, yaron nan take cewa, ko wancan. Kunya ce da aka raine ta a kai tun tana yarinya, ta zame mata kamar fatar jiki. Duk wanda ke zaune a zauren nan ya san haka, tun daga wakilin hakimi har mai riƙe da buta. Hafsan ne kaɗai bai sani ba.

Ya rage murya ya ce, "Iya, mene ne sunan ɗanki?"

Na ce, "Iya, ki hwaɗi, don Allah ki hwaɗi." Ta buɗe baki, ta rufe. Ya sake tambaya. Ta ƙara sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. Na ce sunansa Sale, ni ne Lawal, a tambayi kowa. Na bi fuskokin dattawan garinmu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da suka ci goron sunan Sale, kowa ya sami abin kallo a tabarma. Na juya ga mahaifina. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa, mutumin da ya koya mini babin haƙƙin maraya da babin shaidar zur. Yana ta jan carbi, idonsa a rufe.

Hafsan ba wawa ba ne, na ga alamar ya fahimci akwai magana. Amma ya ce shi takarda aka ba shi, takarda kuma ta ce Malam Hamza ne uba. Mahaifina ya sa hannu da Larabci. Hafsan ya tsaya da hular yana jujjuya ta, daga ƙarshe ya ɗora ta a kan akwatin ya yi sallama. Ba a kama kowa ba, ba a ko ɗaga wa kowa murya ba. Dije ta tashi ta koma ta ƙarasa wanke tukwanen, da azahar ta kama hanyar Mawashi.

Washegari bayan an tashi daga karatun safe na naɗa gammo, na shiga zaure na ɗaga akwatin. Mahaifina na zaune a kan buzunsa.

"Ina za ka da shi?"

"Wurin mai shi, Malam."

"Jiya ka tsaya gaban hukuma ka ce ubanka maƙaryaci ne. Ban ce maka komi ba. Amma in akwatin nan ya fita zauren nan, kai ma ka fita ke nan."

Na ce, "Allah Ya huci zuciyar Malam." Na sa hular a cikin riga, na ɗora akwatin a ka, na fita.

Abin da fitar nan ta ci mini, ku ne shaida, don a cikinsa aka haife ku. Makarantar da aka raine ni don in gada, ɗan Baffa Iro aka ba. Littattafan kakana ko ɗaya ban samu ba. Na zauna a Mawashi ina noman aro, ina koyar da yara a rumfar kara, mahaifiyarku ta biyo ni da tabarma da tukunya biyu. A shekarun da kuɗin mai suka shigo, aka yi wa zauren Tafashiya rufin kwano, aka rataye hoton Sale a ciki, baƙi na zuwa kallo. Duk Sallah nakan je gaida mahaifina. Yakan amsa sallama, don wajibi ce, daga nan ba ya ƙara ko harafi. Haka muka yi shekara goma sha ɗaya har ya rasu. Abin yana yi mini ciwo har gobe, kuma da za a mayar da ni zauren nan, akwatin zan sake ɗauka.

Na iso Mawashi ranar da rana ta karkata, wuyana kamar zai karye. Dije na zaune a ƙofar ɗakinta, yayyenta biyu maza na gefe. Na sauke akwatin a gabanta, na sa mata hular a hannu. Ta riƙe ta da hannu biyu. Muka buɗe akwatin. Kaki ne, da takalma, da dardumar salla, da turmin atamfa da bai kai ga kawo mata ba, da wani littafi mai kauri wanda yake rubuta duk tashin da ya yi da jirgi. Ta ce in karanta mata. Na ce ban iya boko ba, ai don kada in iya aka ɗauki ɗanta. Aka kira malamin firamare na garin. Ya zauna yana buɗe shafi-shafi, yana faɗin ranar da aka tashi da inda aka nufa da daɗewar da aka yi a sama. A saman kowane shafi akwai suna, yana karantawa, Lawal Hamza, Lawal Hamza. Aka duba wuyan riguna, aka duba cikin takalma, aka duba murfin akwatin, ko za a ga inda aka rubuta Sale.

Ta ce, "Malam, ko wuri guda babu?"

Ya ce babu.

Ta daɗe tana kallon littafin. Sannan ta turo shi gabana.

"Ƙarami, kai ka iya na allo. Rubuta mani shi a nan, a farko."

Na aika aka aro tawada da alƙalami, na buɗe bangon farko, na tsoma. Na san sunan kamar yadda na san tafin hannuna. Amma zuciyata a tafashe take tun jiya, ina son a faɗe shi da ƙarfi a gaban shaidu ko sau ɗaya ne, kuma ban tsaya na yi tunanin abin da nake ɗora wa tsohuwar ba. Allah Ya yafe mini wannan.

Na ce, "Iya, wa zan rubuta?"

Yayyenta suka kawar da kai. Malamin firamare ya miƙe zai ba da wuri, ta ɗaga masa hannu ya zauna. Ta janye mayafin daga fuskarta, ta gyara murya kamar mai shirin ba da shaida gaban alƙali.

"Salihu," ta ce. "Rubuta Salihu. Ni na haihe shi."

Na rubuta. Ba ta bari tawadar ta bushe ba ta jawo littafin ta rungume, sai ga baƙin a gaban zanenta. A lokacin ne ta fara kuka, tana kiran sunan tana sake kira, har maƙwabta suka fito suna tambayar wane ne kuma ya rasu.